Ƙanƙarar Ɗakin Kwamfuta

Bazarar bana ta tono mini abin da nake so in manta. Kwana uku ke nan babu wuta a unguwarmu, famfo ya ƙafe, ɗaki ya zama tanda. Jiya da la'asar maƙwabciyata ta aiko mini da ƙanƙara a kwanon sha, don yanzu tana da sola a kan rufinta kamar rabin mutanen Matamaye. Na yi godiya, na miƙa wa yara, ni kuma na ɗebi ruwan randa na sha. Ba ciwon haƙori ke hana ni ba. Haushi ne, kuma shekara takwas ke nan bai huce ba.

A shekarar da nake magana, azumi ya faɗo tsakiyar bazara. Ina koyar da lissafi a wata kwaleji da ke bakin gari, ajin masu jarrabawar birbe, ta kammala kwaleji, ne a hannuna, yara sun haura hamsin, littafi ɗaya tsakanin mutum shida. Kafin nan da 'yan watanni wata ƙungiya ta kawo mana kwamfuta goma sha biyu, da farantan sola a kan rufi, da manyan batura huɗu da aka jera a kusurwar ɗaki. Ni aka tura Damagaram na yi sati biyu ina koyon yadda ake koyarwa da su. Ni na sa hannu a takardar karɓa, ni aka damƙa wa makulli. Makulli na biyu yana aljihun Darakta, Mushe Isuhu, mutumin da ya fi son a yabe shi fiye da son abincinsa.

Na ɗauki ɗakin nan da zafi, ba zan musa ba. Na rubuta dokoki na manna a ƙofa. Ba a shiga da ruwa, ba a jona salula, ba mai taɓa igiyar wuta sai ni, kuma kowa ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa saboda yashi. Na raba yaran rukuni uku, suna shiga bi da bi, ɗaya ko biyu a gaban kowace kwamfuta. Cikin kwamfutocin akwai tambayoyin jarrabawar shekarun baya, da darussa masu zane mai motsi. Yaron da na yi wata biyu ina zana masa kusurwa da alli yana kallona kamar ina masa Larabci, sai ga shi ya ja layi da hannunsa, ya ga lambar tana canzawa, ya ce ai yanzu ya gane. Wadda ta fi kowa kamawa ita ce Zuwaira, 'yar Alhaji Mamman shugaban kwamitin iyayen yara. Sati shida suka rage a yi birbe, kuma a karo na farko tun da na fara aiki na sa rai ajina zai fita kunya.

Maigidana yana Kano wurin cirani a lokacin, daga ni sai uwarsa, wadda muke kira Inna, da yarana biyu. Da sahur in ɗumama tuwon jiya, in dama fura, mu sha ruwa har ciki ya yi nauyi, duk da mun san kafin hantsi zai fita ta gumi. Ƙarfe takwas rana ta riga ta fara cizo. Rufin kwanon ajinmu yana ƙara kamar ana jifansa, alli yana manne wa yatsa, yara suna fifita da bangon kaye, littafinsu na rubutu, leɓɓansu fari fat. Da azahar in dawo gida ta hanyar da ko akuya ba ta bi, in tarar da Inna kwance a gindin bishiyar bedi ta rufa da jiƙaƙƙen zane. Daga nan sai surfe, sai jiƙa tsamiya, sai niƙan wake na ƙosai. Mazan da suka dawo daga cirani sun share gonaki sun kai taki, kowa ya ɗaga kai sama yana jira, sama kuwa ta yi kunnen uwar shegu da mu.

Ran huɗu ga azumi hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin. Mata suka fito da bokitai da robobi, Inna har ta tashi zaune tana salati. Iska ce kawai ta zo. Ta kwashe shingaye, ta yaye rufin wasu gidaje, ta kayar da turakun wuta a kan hanya, ta wuce ba ta bar mana ko ɗigo ba. Washegari aka ce gyaran zai ɗauki lokaci. Da wuta ta tafi famfo ya bi ta, 'yan garuwa suka zama sarakai, rijiyoyin lambu suka cika da layi tun asuba. Ƙanƙara kuwa ta ɓace daga garin gaba ɗaya. Wanda bai yi azumi a irin wannan zafi ba ba zai gane yadda mutum yake wuni yana tunanin ruwan sanyi ba. Ni ma na yi tunaninsa, har cikin salla.

A duk unguwar, ɗakin kwamfutar nan ne kaɗai ke da wuta.

Ran bakwai ga wata na zo da safe na tarar da ƙofar a buɗe, ga sawun amalanke a yashi. A kusurwa, kusa da batura, an ajiye wani ƙaton firigo irin mai murfi a sama, yana gurnani. An jona shi da wata tsohuwar ralonji, igiyar ƙarin wuta mai baki huɗu, da aka ja ta ƙarƙashin teburan yara. Na ɗaga murfin, cike yake da ledojin ruwa. Na nufi ofis ko sallama ban yi da kyau ba.

"Mushe Darakta, firigon wa ke ɗakin ordinata?"

"Nawa ne, Madam Rakiya. Zauna mana."

"Ba zama ya kawo ni ba. Baturan nan an auna su ne daidai injinan yara. Firigo yana jan wuta dare da rana. In ya tsotse su cikin dare, da me za mu yi karatu da safe?"

Ya jingina da kujera yana jan carbi. "Rana ce ke ba da wutar nan, Madam. Kin ga alamar rana za ta ƙare a Matamaye?"

"Ba ranar ba ce, baturan ne. Kuma ga ruwa kusa da wayoyi, ga yara."

"Ba sayarwa zan yi ba. Sadaka ce. Akwai tsofaffi a unguwar nan da ke neman suma kafin magariba. Sati biyu a Damagaram bai kai ki hana Musulmi ruwan buɗa-baki ba."

Da wannan maganar ya ɗaure ni, kuma ya san ya ɗaure ni. Da a ce sayarwa yake yi, da na samu masu taya ni faɗa. Amma mutum yana rabon ruwan sanyi kyauta a watan azumi, wa zai tsaya a bayan macen da ta ce a daina?

Daga ranar, bayan la'asar kullum, farfajiyar makaranta sai ta cika da mata da kwanoni da kuloli. Darakta da kansa yake tsayawa a ƙofar ɗakin, ya naɗe hannun riga, yana miƙawa ana sa masa albarka. Malamai ke fara ɗiba, sai 'yan kwamiti, sai liman, sai sauran jama'a. A cika sababbin ledoji a tsaye a nan cikin ɗakin, ruwa yana zuba a siminti, a kulle a tafi. Da safe ni ce mai tsumma. In goge ƙasa, in ɗaga ralonji in ɗora a kan benci, in kunna injina. Satin farko suna kai mu ƙarfe goma sha ɗaya. Sati na biyu, kafin tara da rabi akwatin wutar ya fara kuka, allunan su mutu gaba ɗaya, yaro yana tsakiyar lissafi ya ga baƙi. Rukunin farko su samu rabin darasi, na biyu da na uku su koma aji hannu rabbana.

Na je wurin Mushe Laminu, malamin Faransanci, wanda muke shiri da shi tun muna ɗalibai. Na ce ya raka ni mu yi wa Darakta magana tare.

"Gaskiyarki ce, Madam," ya ce, yana kallon ƙasa. "Amma matata tana da ciki, ruwan nan kaɗai take iya sha. Ki bari a yi salla, sai a fitar da shi."

"Bayan salla kwana nawa ya rage birbe?"

Sai ya ce zai shiga aji.

Wata safiya na cire firigon daga wuta da hannuna, na ce sai an tashi daga karatu a mayar. Ranar yara suka yi aiki har azahar, rukuni ukun duka. Da la'asar jama'a suka zo suka tarar da ruwa a leda maimakon ƙanƙara. Kafin magariba sunana ya zaga unguwa. Washegari na gaida mata a bakin rijiya, biyu suka amsa, sauran suka ci gaba da jan guga. Mai kayan miya ya ce tattasai ya ƙare, ina ganinsa a tire. Wata tsohuwa ta faɗa da ƙarfi don in ji, wai boko in ya yi wa mace yawa tausayi yake fara ci. Darakta kuwa ya sa aka kawo kafinta ya buga katako a kan wurin jonawar, yadda hannu ba zai kai ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai a gida ya same ni. Na dawo na tarar da kwano a gaban Inna, ƙanƙara tana narkewa a cikin zoɓo, an rufe da faifai ana jiran kiran salla.

"Inna, daga ina wannan?"

"Daraktanku ya aiko, Allah ya yi masa albarka. Ya ce ko 'yar gida ta ƙi ni, shi ba zai ƙi ni ba."

"Wutar karatun yara ce kike sha, Inna."

"Ni ruwa nake sha. Ke dai ki ji tsoron bakin mutane, Rakiya. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, ke kuma ko ƙarfin ba ki da shi."

Da aka kira salla ta miƙo mini kofi. Gefensa ya yi raɓa, ina jin sanyinsa tun daga nesa, maƙogwarona kamar an zuba masa toka. Na ƙi karɓa. Na sha kunun tsamiya mai ɗumi ina hawayen takaici, Inna tana cewa taurin kai ba ibada ba ne. Daga ranar kullum sai an aiko mata, kullum sai ta miƙo mini, kullum sai na kau da kai.

Na rubuta takarda zuwa ga Anspekta mai duba makarantu a Damagaram. Amma takardar malami ta hannun Darakta take bi, don haka kowa ya san inda ta kwana.

Ran ashirin da uku ga azumi abin ya faru. Na makara a layin ruwa, na iso yara sun riga sun taru a ƙofa sun tuɓe takalma kamar yadda na koya musu. Na buɗe, suka shiga, na juya neman tsumma. A daren da ya gabata batura sun mutu da wuri, duk abin da ke cikin firigon ya narke, ya tsiyayo ta ƙasa ya kwanta a ƙarƙashin tebura. Rana ta riga ta hau farantai, wuta ta dawo. Ralonjin nan tana kwance cikin ruwa, gefenta ya narke saboda zafin lodi. Zuwaira ta saba ganin ina ɗaga ta kowace safiya, sai ta sunkuya don ta rage mini aiki.

Ba ta yi ihu ba. Na ji wani sauti ne kawai kamar an shaƙe ta, na waiwaya na ga ta sandare, hannunta a damƙe, ƙafafunta tsirara cikin ruwa. Na daka wa yaran tsawa kada wanda ya taɓa ta, na yi tsalle na kashe babban makunni. Ta faɗi. Ɗakin ya ɗauki warin roba da na fata. Na ɗauke ta ni da wasu 'yan mata biyu muka fita da ita inuwa, tana numfashi, idonta a buɗe, tafin hannunta na dama ya ƙone. A asibiti aka wanke aka naɗe, aka ce Allah ya taƙaita, amma yatsun za su daɗe ba su lanƙwasu ba.

Kafin in dawo daga asibiti firigo ya bar makaranta. An goge ƙasa tas, an cire katakon kafinta, har sawun amalanke an bi da tsintsiya. Darakta ya tare ni a bakin ofis, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Jibi Anspekta zai zo. Tsautsayi ne, Madam, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Kada ki jawo wa unguwa abin kunya. Gidanki ma an sha."

"Ni ban sha ba."

"Wa zai tantance kofin da kika ɗauka a cikin gidanki?"

Anspekta ya zo da hantsi, dattijo ne mai tabarau, azumi ya galabaitar da shi kamar kowa. Aka zauna a ɗakin kwamfutar, shi da Darakta da malamai da Alhaji Mamman da 'yan kwamiti uku, Zuwaira kuma a gefen ubanta da hannu a naɗe. Ya ɗaga ƙonanniyar ralonjin ya tambayi me aka jona a jikinta. Na faɗa masa komai, tun daga ranar amalanke har zuwa ranar asibiti, ban rage ba ban ƙara ba. Na ce akwai takardar da na rubuta masa. Darakta ya ce bai ga wata takarda ba, kuma shi firigonsa yana gidansa tun da ya saye shi.

Anspekta ya bi su ɗaya bayan ɗaya. 'Yan kwamiti suka ce su ba sa shiga harkar cikin aji. Mushe Laminu ya ce shi Faransanci yake koyarwa, bai cika zuwa wannan ɓangaren ba. Alhaji Mamman, wanda 'yarsa ce aka ƙona, wanda kular gidansa ce ta fi ta kowa girma a layin la'asar, ya gyara babbar riga ya ce shi ya bar wa Allah, ba ya son a tsawaita magana a wata mai alfarma. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, na san wannan tun ina yarinya, amma ban taɓa ganin an yi askin a gabana da mutum goma ba.

Sai Anspekta ya juya ga yarinyar.

"'Yata, kin taɓa ganin firigo a ɗakin nan?"

Ta dubi ubanta. Bai dube ta ba, carbinsa yake ja. Ta dube ni, ta sunkuyar da kai.

"Ban lura ba, Mushe."

"To, ruwan daga ina?"

"Madam tana goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma kullum."

Ya rubuta. Sannan ya tashi ya je ƙofa ya karanta dokokina, ya sa yatsa a kan ta ƙarshe.

"Wa ya ce yara su shiga ɗakin wuta ba takalmi?"

"Ni ce."

"Haka aka koya miki a Damagaram?"

"A'a. Saboda yashi ne."

Wannan kam laifina ne, kuma na amsa shi a gabansu ba tare da an matsa mini ba. Da tana sanye da silifas na roba, wataƙila da abin bai kai haka ba. Na kwana da wannan tunanin fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Amma a duk ɗakin ni kaɗai na amsa nawa, shi ya sa nawa kaɗai ya shiga takarda. Aka rubuta sakacin mai kula da ɗaki. Aka ce a rufe shi sai an turo masu duba wayoyi, in miƙa makulli nan take. Na ciro shi daga bakin zanena na ajiye a tebur, Darakta ya ɗauka ya haɗa da nasa.

Ana saura kwana biyu salla ruwa ya sauka, mai yawa, har kwatoci suka cika. Gari ya fita shuka, wuta ta dawo, kowa ya shiga sabgarsa, matan bakin rijiya suka koma amsa gaisuwata kamar ba a yi komai ba. Masu duba wayoyi ba su zo ba a shekarar, ba su zo ba a ta gaba. Yanzu ina wata makarantar, matasan malamai suna zuwa da darasi a cikin salula, ana maganar za a kawo mana sababbin injina, ni dai ina jin su da kunne.

Ranar da aka koma bayan salla, na iso na tarar da 'yan ajina sun yi layi a ƙofar ɗakin, takalmansu a ƙafa, wasu sun ce sun aro na roba don kada a hana su shiga. Wata ta tambaye ni ko yau rukuninsu ne. Na ce su wuce aji su fito da kaye. Sati biyun da suka rage da alli muka yi su, littafi ɗaya tsakanin mutum shida, kuma sakamakon ya fito yadda ya saba fitowa. Zuwaira ta zauna jarrabawar da bik ɗin rubutu a tsakanin yatsun da ba sa lanƙwasuwa, lokaci ya ƙare mata tana rabin takarda.

Yarinya ce, ubanta yana zaune a gefenta, na san da haka, kuma na sha gaya wa kaina haka. Yanzu ta girma, tana da shagon ɗinki a hanyar kasuwa. In ta hango ni takan shige ciki ta saki labule. Shekara takwas ina bin hanyar nan, ban taɓa tsayawa na yi mata sallama ba.